Mai Liƙa Fastocin Silima

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗaya yana liƙa fasta a bangon silima. Sauran masu aikin sukan shafa sitaci, su ɗora sabuwa a kan tsohuwa, su kama gabansu. Shi kuwa sai ya zo da soso da ruwan ɗumi a buta, ya jiƙa tsohuwar, ya bi ta da bakin cokali a hankali har ta ɓanɓaru ba ko yagewa. In ta fim ɗin yaƙi ce, gida zai kai ta ya shanya. Matarsa ta sha yin mita cewa sojojin takarda sun ƙwace mata igiyar shanya.

Da aka rufe silimar, ya tashi da fastoci sama da ɗari uku. Mafi kyawunsu ya jera a bangon ɗakinsa, sauran ya shimfiɗe a ƙarƙashin katifa don kada su lanƙwashe. Kai masa ziyara sai wanda ya shirya, don ba zai bar ka ka tashi ba sai ya nuna maka yadda ake zana jarumi ƙato, gashinsa a taje, wuta na ci a bayansa ko a jikinsa. Ni dai ina son zama wurinsa, ko don yadda idonsa ke haske in yana bayani.

A ƙarƙashin waɗannan hotuna babban ɗansa ya tashi, shi muke kira Yaya. Ranar da Yaya ya ce zai shiga soja, Kawu ya zaga unguwa yana ba da labari kamar shi aka ɗauka.

Bayan shekara huɗu a fagen daga Yaya ya dawo. Jikinsa lafiya lau, sai dai magana ta ƙare masa. Yakan gaida mahaifinsa daga bakin ƙofa ya juya. Wata biyar bai taka cikin ɗakin ba. Abin ya ci Kawu har ya rame, don bai da abokin hira kamar wannan ɗa nasa.

Wata safiya ya tare shi a tsakar gida ya tambaye shi laifin da ya yi masa. 

"Baba, ba kai ba ne, bangonka ne," in ji Yaya. "Duk cikin jaruman nan babu mai kiran uwarsa. Mu kuwa can abin da na fi ji ke nan."

Na ɗauka Kawu zai kare kayansa, ko ya cinna musu wuta don haushi. Bai yi ko ɗaya ba, kuma a nan ne girmansa ya ƙaru a idona. Ya sauke fastocin ɗaya bayan ɗaya, ya kife su a kan tabarma a tsakar gida, fararen bayansu na kallon sama. Ya kawo biro ya zauna, ya ce wa Yaya shi gaban kawai ya sani, a faɗa masa abin da mai zanen ya bari.

Ranar farko layi biyu suka samu, a kan ƙishirwa. Bayan mako guda aka kai ga warin takalmi, da jiran da ba ya ƙarewa, da wani abokinsa mai tsoron allura wanda bai dawo ba. Kawu bai katse shi ko sau ɗaya ba, mutumin da a da ba ya bari a kai aya. Duk wadda bayanta ya cika, sai ya mayar da ita bango, rubutun a waje, hoton na kallon siminti.

Da bango guda ya cika, na je gidan da azahar na tarar da Kawu tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, ya ɗora yatsa a baki. Na leƙa. Yaya ne kwance a kan gadon mahaifinsa, ko takalmi bai cire ba, yana ta barci.

"Je ka dawo gobe," Kawu ya ce mini a hankali. "Yau ina da baƙo."