Sai-an-duba Zai Kai Matarsa Teku

A masana'antar katifa inda ya yi aiki har ya yi ritaya, ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Sai-an-duba ake ce masa, tun daga manaja har mai shara, kuma shi ya jawo wa kansa. Aikinsa kiyaye haɗari ne. Kullum yana zagaye, ya ƙwanƙwasa tukwanen kashe gobara, ya gwada ƙofofin gudu, in ya kama wanda ya cire hular kwano saboda zafi ya yi masa wa'azin da sai ya gwammace mari. Ka ce masa, "Malam, a kunna injin?" sai ya gyara tabarau ya ce, "Sai an duba." A ba shi haƙƙinsa dai, duk tsawon zamansa a wurin ko farce ba wanda ya rasa. Abin haushin shi ne da ya bar aikin, halin bai tsaya a masana'anta ba, ya biyo shi gida ya baje a falo.

Matarsa tela ce, mace mai haƙurin da har yakan ba mutane haushi. Da kekenta ta taya shi rainon 'ya'ya, ba ta taɓa cewa a sayo mata kaza ba. Burinta ɗaya ne a duniya, kuma kowa a gidan ya haddace shi: ta hau babban jirgin ruwa, irin mai yawo da mutane daga wannan tsibiri zuwa wancan, ta ga teku da idonta. Yaran sukan tsokane ta, "Umma, ke da ko gada aka hau sai kin rufe ido?" Ita kuwa sai ta yi dariya ta ci gaba da taka keke.

Sai zare ya fara ƙin shiga allura. Daga nan ta fara tuntuɓe da kujerun da suka yi shekara da shekaru a wuri ɗaya. Likitan ido bai yi musu kwana-kwana ba. Ya ce, "Baba, jijiyar ce take mutuwa. Magani jinkirta abin kawai zai yi. In akwai abin da Mama take son gani, a kai ta ta gani tun yanzu."

Autarsu, wadda take aikin jinya a wani gari, ko mako ba a yi ba ta biya musu kuɗin tafiyar, ta ce Abba ya je ofishin 'yan tafiye-tafiye ya zaɓi rana kawai. Kawai fa! Yarinyar nan kamar ba a gidan aka haife ta ba.

Ya je. Matar da ke kan tebur ta tarbe shi da fara'a, ta shimfiɗa masa hotunan farin yashi da bishiyoyin kwakwa. Ko kallo ba su ishe shi ba. Kwale-kwalen ceto nawa ne a jirgin? Yaushe aka yi masa garambawul? Akwai likita a ciki, ko dai mai ba da maganin ciwon kai ne aka sa wa farar riga? Da ta ce akwai jirgin da zai tashi wata mai zuwa, sai ya koma gida ya yi bincike, ya gano cewa watan yana dab da lokacin guguwa a wannan yankin.

"Dab fa ka ce, Baba, ba ciki ba," in ji matar.

"'Yata, guguwa ba ta duba kalanda."

Aka ɗaga.

Kada wani ya ce mutumin nan ba ya son matarsa. Wallahi yana sonta, son ne ma ya yi masa yawa har ya rasa inda zai sa shi sai cikin shiri. Ya sayo rigunan ceto biyu, yana sa ta saka tata a tsakar falo, ta cire, ta sake sakawa, har sai ta iya ɗaure igiyoyin ba lalube. Ya wurgo akwati daga saman bene don ya ga ƙarfin zif. Ya sayo maganin jiri, maganin sauro, man kare fata daga rana, hular malafa, da takalmin da ba ya santsi, wanda ya gwada da kansa a banɗaki bayan ya zuba ruwan sabulu, ya kusa karya ƙugu. Fasfo kuwa an sa shi a leda, ledar a cikin wata ledar.

Da guguwa ta wuce, sai ya zama ɗakunan da ke kusa da kwale-kwalen ceto duk an kama. Aka ɗaga. Da aka samu ɗakin, sai ba firji a ciki, maganin da ake ɗiga wa matarsa a ido kuwa sanyi yake so. Matar ofishin ta ce ma'aikatan jirgi za su ajiye musu a nasu. Ya ce idon matarsa ne za a haɗa da kifi da madara? Aka sake ɗagawa. Har ta kai in matar ofishin ta hango shi ta gilashi yana tsallako titi, sai ta tuna tana da aiki a ɗakin baya.

Uwar gidan kuwa ta lulluɓe keken ɗinkinta da zane, ta ce bayanta ne ke ciwo. Ta haddace gidan, tana bin bango da yatsu a hankali yadda ba za a lura ba. In ya nuna mata taswirar jirgin ya ce, "Hajiya, kin ga matakalar gudu?" sai ta ce, "Na gani, Malam." Shi kuwa gogan, mutumin da ba ya yarda da maganar manaja sai ya taɓa da hannunsa, wannan karon sai ya yarda.

Auta ce ta zo hutu ta miƙa wa uwarta kofin shayi, ta ga hannun ya wuce kofin yana laluben iska. Ranar gidan bai zaunu ba.

"Abba, don girman Allah me kake jira? Jirgin da aka rubuta masa ba zai nutse ba?"

"Ke yarinya ce, ba ki san haɗari ba."

"Haɗarin ga shi nan zaune a kujera, Abba!"

Ba ta ƙara neman shawararsa ba. Ta ɗauki waya ta kama musu ɗakin da ya rage a jirgin da ya fi kusa tashi, ta raka su har tashar jiragen ruwa, yana tafe yana mita a kan inshora.

A cikin jirgi kam ya yi fice. Da aka yi atisayen gaggawa, matarsa ce ta riga kowa ɗaure rigar ceto, har wani ma'aikaci ya tafa mata. Bakin tsoho har kunne. Ya raɗa mata, "Kin ga amfanin shiri?"

Da hantsin ranar da suka iso tsibiri na farko, ya riƙo hannunta zuwa saman jirgi, ya tsayar da ita a bakin ƙarfen dogarawa bayan ya girgiza shi ya tabbatar. Sai ya tuna an bar malafa a ɗaki. Ya ce kada ta motsa, ya sauka da sauri.

Da ya dawo, ya tarar ta juya wa teku baya. Tana fuskantar bangon jirgin, wani faffaɗan bango mai shuɗin fenti, ta dafe ƙirji da hannu biyu, fuskarta cike da murna irin wadda rabonsa da gani tun suna da ƙuruciya.

"Malam, kai ne? Zo ka ga ikon Allah! Dubi faɗinsa!"

Ya kama kafaɗarta a hankali ya juyo da ita wajen ruwan. Ga tsibirin nan kore shar, ga ƙananan jiragen masunta, ga rana tana walƙiya a kan teku. Ta runtse ido ta kawar da kai.

"A'a, can ba komai sai farin haske, har yana sukar ido. Bar ni in kalli ruwan."

Ta koma ga bangonta. Nan take ya gane abin da ya yi, nadama ta kama shi. Ba wanda zai ɗora wa laifi, ba guguwa, ba firji. Mutane suna wucewa da kyamarori suna satar kallonsu. Ya matsa ya tsaya kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, shi ma ya ba teku baya.

"An fara hango tsibirin?" ta tambaye shi.

Ya dubi bangon. Ba komai a jikinsa sai layin walda da kan ƙusoshi.

"An fara, Hajiya," ya ce. "Ga shi can, daidai inda kike kallo."