Ranar da Na Ɗaura wa Khala Rakiya Gyale

Wata Alhamis ce da la'asar, a hutun zafin shekarar da na gama aji huɗu, na hau saman soron gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda don in kwashe shanya. Sai na tarar da wata doguwar Balarabiya tsaye tsakanin tankin ruwa da kejin tattabarai, da kwanon sha cike da ruwa a kanta, gumi yana ta tsiyaya a wuyanta. Ƙanwar mahaifiyata, Khala Rakiya, tana zaune a kan kifaffen bokiti tana kaɗa farantin shayi da yatsu, tana cewa, "Yalla, maza, ya Nuha, ƙugu ne zai yi magana, kai kuwa ya yi shiru." Nuha ta motsa sau ɗaya, ruwa ya sheƙe mata a fuska. Na ƙyalƙyale da dariya har zanin Umma ya faɗi ƙasa. Hukuncin da Khala ta yanke mini shi ne in ɗauki kwanon ni ma, kuma tun daga ranar ban sauke shi ba.

Khala taggaga ce, wato cikin matan da ake ɗauka su kaɗa bandiri su yi waƙa a ɓangaren mata na gidan biki. Aikin da aka san mu da shi ke nan, mu Takaru, jikokin alhazan da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna. Amma a ɓoye duk wadda bikinta ya matso ta san inda ake koyon rawar sharƙi, wadda mu a gida muke ce wa rawar ƙugu: soronmu, wurin Khala. Direba zai ajiye yarinya a bakin layi, ta ce wa uwarta ta je gwajin ɗinki. Ni ce mai share soron, mai cika kwano, mai korar yaran maƙwabta da ke leƙe ta kan katanga. In baƙuwa ta tafi, sai mu jiƙa gyaɗar da kakata za ta kai kasuwar Bab Makka da safe, mu yi 'yar carafke da ƙwallayen dabino, sannan Khala ta miƙe ta nuna mini abin da take son Nuha ta gane. Ban taɓa ganin mai rawa irinta ba. Kwanon nan ko ɗigo ba ya zubarwa.

Akwai wata al'ada a bukukuwan matan Jidda. In kiɗa ya yi daɗi, mace takan cire gyalenta ta ɗaura wa wata a ƙugu, wadda aka ɗaura wa kuwa dole ta fito fili, ƙi ya zama wulaƙanci ga mai gyalen. Ana ɗaura wa ƙawa, da suruka, har da tsohuwar da ke dogara sanda. Makaɗa kaɗai ne ba a ɗaura wa. Suna zaune a ƙasa gefen kujerar amarya, su shigo kafin baƙi, su ci abinci bayan kowa.

Bikin Nuha a wani babban gida aka yi shi a unguwar Bagdadiyya, ni kuma aka tafi da ni riƙon jakar bandirai. Amarya ta fito ta yi rawarta tsaf, mata suna ta guɗa, wata ta tambayi uwarta inda ta koya. Da kunnena na ji uwar ta ce, "Masha Allah, a jininmu take." Nuha ta gifta ta gaban Khala har bakin rigarta ya shafi bandirin, amma ko kallo ba ta yi mata ba. Na san sarai gidan nan shi ke kiran su Khala duk wani biki na danginsu, kuma da wannan aikin ake riƙe mata biyar da 'ya'yansu. Na sani, amma na cire farin gyalena na makaranta, na durƙusa a bayan Khala, na zagaya shi na ƙulle.

Kiɗa ya tsaya cak. Uwar amarya ta daka tsawa, "Aib! Abin kunya! Wace ce ta kawo wannan yarinyar?" Khala ta dubi gyalen, ta dube ni. In ta kwance shi, ta kunyata 'yar yayarta a gaban mutane; in ta tashi, aikin ya tafi. Sai ta miƙa wa ta kusa da ita bandirin, ta ce, "Ku kaɗa." Suka kaɗa kuwa, da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Khala ta taka har tsakiyar fili da tsohuwar rigar aikinta, ba ta yi wa kowa murmushi ba, ba ta kuma yi gaggawa ba. Ta yi rawar har ƙarshen waƙar.

Ba a bar mu mun ci abinci ba. Muna tsaye a bakin titi da bandirai muna jiran tasi, ina ta kuka, Khala ta kama kunnena ta murɗe har na ga taurari. Ta ce, "Halas, shi ke nan, kin kashe mana gidan nan, ya Safiya." Sannan ta ƙara, "Kuma gobe in za ki ɗaura wa mace gyale, a kan ƙashin ƙugu ake ɗaurawa, ba a ciki ba. Kin kusa hana ni numfashi." Gidan bai sake kiran su ba, danginsu ma haka, shekarar nan mun ci shinkafa gaya fiye da yadda nake son tunawa. Har yau ban ce na yi nadama ba, ita ma ba ta taɓa neman in ce ba.

Yanzu ni ke koyar da rawar a wani ɗakin motsa jiki na mata, mai madubai da sanyin na'ura, uwaye da kansu suke kawo 'ya'yansu su zauna suna tafi. Gidanmu an rushe shi, Khala kuma gwiwa ta zaunar da ita, sai kafaɗunta da ke motsi in ta ji kiɗa a talabijin. Akan ce mini in sa kiɗan na'ura kamar kowa, ni kuwa mace nake ɗauka ta kaɗa mana da hannu, kuma waƙar ƙarshe tata ce: ta ajiye bandirin ta shiga fili, ɗalibai su zauna a ƙasa su yi mata tafi. Wadda abin bai yi mata ba, ba na riƙe ta. Na so a ce Khala tana da ƙafar da za ta zo ta karɓi waƙarta.