Tsohuwar Kwamfutarka, Baba

"Ke ce babba, ke za ki fara zaɓa," in ji Baffa, yana nuna mini teburinka da sandarsa. Ya ce magada sun yarda ƙananan kayan ɗakinka ba sai sun jira rabo ba, kowa ya ɗauki abin da zai riƙa tunawa da kai. A kan teburin akwai kwamfuta biyu: sabuwar da na saya maka, da tsohuwar da ka ƙi rabuwa da ita. Kowa ya zaci sabuwar zan ɗauka. Ni kuwa tsohuwar nake so, kuma na san ƙanwata Auta, da ke tsaye a bakin taga, ita ma a kanta idonta yake.

Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ka rasu, Baba, ranar Laraba tara ga watan Maris, da hantsi, bayan gajeruwar jinyar da ka yi ta ce mana mura ce. Tun daga ranar gidan bai rabu da mutane ba. Tsofaffin ɗalibanka sun zo da furfurarsu suna ba da labarin malamin lissafin da bai taɓa ɗaukar bulala ba. Wani ya ce kai ka zauna da shi bayan sauran malamai sun sallama shi, har ya iya lissafin rabawa. Wata maƙwabciya ta ce ka taɓa yini a layin asibiti kana riƙe mata wuri. Duk gaskiya ne. Sai dai babu wanda ya ambaci abin da ya cinye shekarun ritayarka, wataƙila don suna ganin bai dace da zaman makoki ba.

Kana ɗalibi, akwai wani shago kusa da tashar mota mai manyan injinan wasa, waɗanda ake jefa musu sulalla su ba mutum jirgin yaƙi ko ɗan dambe a kan allo. Da ka ajiye aiki, ka samo wata manhaja da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi waɗannan injinan. Matsalar ita ce kwamfutarka ta tsufa. Ɗan dambe zai kai naushi, sai ya tsaya a iska kamar yana tunanin ko ya dace.

Wani zai haƙura. Kai kuwa ka mayar da abin darasi. Ka gano cewa tsohon samfurin manhajar ya fi sabon sauƙi, ka koma masa. Ka rage girman hoton har ya zama kamar tafin hannu. Ka sa kwamfutar ta riƙa tsallake wasu hotunan don ta cim ma sauran. Kafin a fara wasa sai ka rufe duk wani abu da ke gudana a cikinta, ka buɗe bayanta ka hure ƙurar fanka. A ƙarshe ka gano sauti ma nauyi ne, ka kashe shi, ka koma yin ƙarar bindiga da faɗuwar jirgi da bakinka. Umma takan ce ta auri malami, ta tsufa da rediyo.

Duk wannan aikin da Auta kuka yi shi. Takan taso daga kantin maganin da take aiki, ko mayafi ba ta cire ba, ta ja kujera kusa da kai. Ka canza abu ɗaya, ta gwada, ku yi musu a kan ko ya ƙara sauri ko idonku ne. Ni kana kirana Farfesa tun ina firamare. Ita kana kiranta abokina. Na daɗe ina zaton nawa sunan ya fi girma.

Ban ce ka rage ni da komai ba. Idan ina karatu, a kan yatsun ƙafa kake wuce ƙofata. Ranar da na gama jami'a, har mai gadin makarantar sai da ka gaya masa 'yarka ce. Hotona ne a falo, ba nata ba. Da ni aka yi alfahari, da ita aka yi dariya, kuma babu baƙon da ya taɓa lura wace ce a cikinmu ta fi samu.

Da na fara aiki, na ga hanyar shiga tsakaninku. Na sayo maka sabuwar kwamfuta, na zuba mata wasannin duka. Na kunna, komai ya tafi sumul, hoto ya cika allo, sauti ya cika ɗaki. Ka sa mini albarka har na ji kunya. Ka yi wasa kaɗan, ka nemi abin da za ka gyara ka rasa. Da na dawo wani zuwan, na tarar an lulluɓe ta da kyakkyawan ƙyalle, irin karramawar da ake yi wa baƙon da ba a saba da shi ba, ku kuma kuna can gaban tsohuwar kuna musu. Ka ce mini, "Taki ba ta da laifi, Farfesa. Ba ta dai bukatar kowa." Na yi murmushi, don ban tabbata kwamfutar kawai kake nufi ba.

Shi ya sa da Baffa ya sake tambayata, na ce tsohuwar nake so. Umma ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ba ya bukatar fassara. Baffa ya ɗauka ban ji tambayar ba, ya maimaita. Auta ba ta yi gardama ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce to, ta durƙusa ta fara zare wayoyi tana naɗewa, tana yi mini bayani kamar mai miƙa jinjiri.

"Idan kin kunna ta, Yaya, ki ba ta lokaci, kada ki taɓa komai sai fankar ta daina gurnani. Kuma wasan jirgin nan, akwai inda yake sanƙarewa idan babban jirgin ya fito. Mun yi ta fama ba mu gama ba. Baba ya ce idan ya samu sauƙi za mu gwada rage launuka."

Na tsaya ina kallon bayanta. Zan iya ɗaukar akwatin kwamfutar, haƙƙina ne, Baffa ya faɗa. Amma ko na kai shi gidana na kulle, naku ne, kai da Auta. Ban ma san wane jirgi ne babban ba. Na ce mata ta mayar da wayoyin, ta gama abin da kuka fara. Baffa ya yaba mini da halin manya, na karɓi yabon, tunda shi na saba samu a gidan nan.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ilimin da ka bayar ya riƙa iske ka. Allah ya ba Umma haƙurin rashinka, da Baffa da ya rasa ƙani, da ɗalibanka. Allah ya ba Auta haƙuri, don ni uba na rasa, ita ta rasa uba da aboki, kuma har wannan rashin nata mai yawa ina jin da ma nawa ne.

Ta jona wayoyin, ta danna, sannan ta juyo ta ce in zauna mu gwada tare. Na ce wata rana. Fankar na cikin gurnani na ɗauki jakata, na ja ƙofar ɗakinka na rufe, na tafi.