Ƙafar da Baffa Ya Ɗora

Shekarar da na samu tallafin karatu zuwa Ingila, garinmu Aliero yana cikin Jihar Sakkwato, ni kuma ina koyar da aikin gona a wata sakandare a Jega. An yi shelar cewa Turawa za su ɗauki 'yan ƙalilan masu digirin farko su je su yi na biyu a can, jirgi da abinci da makaranta duk a wuyansu. Na rubuta jarrabawa, na je har Ikko aka yi mini tambayoyi, aka ɗauke ni. Shekaruna kuwa sun kai bakin iyakar da suka yanka, in wannan ta wuce ni, to ta wuce ke nan. Aka sa mini ranar tashi a ƙarshen damina.

Ban taɓa ganin mahaifina cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba. Ba majalisar da bai kai labarin ba. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ɗauka Baba ba ya son karatuna. Yana so ƙwarai, sai dai akwai abin da ya fi so.

Gidanmu gidan ɗori ne. Kowa ya san Aliero da albasa da maɗora, mu kuma muna cikin gidajen da suka gaji gyaran ƙashi. Baba noman albasa ya riƙe, ƙanensa, Baffa, shi hannun ɗorin ya bi. Ɗakunan da ke jikin zaurenmu ba sa rabo da masu karaya, wasu daga garuruwan da ko Hausa ba sa ji. Baffa ke ɗori, amma Baba ne babban gida, shi ke tsaron sunan gidan kamar yadda kaza ke tsaron ƙwanta.

A wajenmu ba a doguwar tafiya sai an bi manyan dangi ɗaya bayan ɗaya an durƙusa an yi bankwana. Saƙo ba ya wadatarwa, sai ƙafa. Na ari babur ɗin wani abokin aikina, malamin lissafi, na je Dangamaji, na je Sarandosa, na dawo da kuka da daddawa da addu'o'in da za su kai ni ko Sin ne. Saura gwaggona, yayar Baba, da ke aure a Giwa Tazo. Na ce ruwa ya cinye hanyar, a aika mata kawai.

Baba ya dube ni ya ce, “Ka iya tahiya Ingila, ba ka iya tahiya Giwa Tazo? Mi za ni ce mata?”

Na je. Ta sa mini albarka, ta ba ni man shanu a 'yar ƙwarya. A hanyar dawowa, kafin in kai Maiyama, tayar gaba ta faɗa wani ramin da ruwa ya rufe. Na ji ƙarar ƙwaurina kafin in ji zafinsa. Ƙafar hagu ce, ta karye ƙasa da gwiwa.

Wata akori-kura mai ɗauke da buhunan gero ta tsince ni. Da muka iso Jega na roƙi direban ya kai ni asibiti a Birnin Kebbi. Ya tambaye ni ɗan ina ne, na yi wautar faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da buga sitiyari.

“Ɗan Aliero da karaya asibiti? Malam, zahin na ya taɓa maka kai. Duniya ka zuwa garinku, kai kana gudu nai?”

Ya juya motar, ya kai ni ƙofar gidanmu, yana ganin ya yi aikin lada.

Baffa ya ja ƙafar, maza biyu suka danne ni, na yi ihun da har yau in na tuna nake jin kunya. Ya shafa mai, ya yi tofi, ya jera karare ya ɗaure. A al'adar gidanmu akan karya ƙafar ɗan zakara a ɗora ta rana ɗaya da ta mutum, a ajiye shi kusa ana duba yadda yake warkewa. Haka aka kwantar da mu ɗaki ɗaya, ni da fasfo a ƙarƙashin matashi, shi da tsaba a gabansa.

Abokina malamin lissafi shi ya tsaya mini. Ya buga waya ofishin Ikko da tallafin ke hannunsu, ya zo mini da amsa yana haki. Sun ce haɗari ba laifin kowa ba ne, za su riƙe mini gurbina zuwa zango na gaba. Abu ɗaya kawai suke so, likitan asibitin gwamnati ya gan ni yanzu, ya ɗauki hoton ƙashin, ya shaida da hannunsa cewa ba zan iya tafiya ba. Ba su ce a kwance ɗorin ba. A gani kawai. Abokin nan har mota ya nemo, ya shimfiɗa katifa a bayanta, ya tsayar da ita a ƙofar gida.

Baba na zaune a zaure da baƙi 'yan jinya. Ya leƙa ya ga motar, ya shigo ɗakina ya turo ƙofa.

“Motar mi ta wagga?”

Na yi masa bayani a hankali, kamar yadda nake wa ɗalibai. Na ce mu je mu dawo yau, ba wanda zai taɓa aikin Baffa.

“Hoto?” in ji shi. “Wanda ka shakka shi ka ɗaukar hoto. Tun kakanninmu ba a taɓa hidda mai karaya daga gidanga an kai shi wani wuri ba. Ga mutane nan sun baro asibitocin garuruwansu sun taho wurinmu. Su gani an ɗauki ɗan gida an nuhi asibiti da shi? Da wane ido za mu dube su?”

Na ce, “Baba, a fitar da ni ta ƙofar baya.”

“Aliero na da ƙohwar baya? Kahin ku kai Jega an ji kasuwa.”

Na roƙe shi. Ni da nake da mata da ɗa, na yi kuka da hawaye, na kama gefen rigarsa. Na ce masa wannan ita ce damata ta ƙarshe, shekaru sun ƙure mini. Ya zare rigarsa a hankali, ba da faɗa ba, ya ce, “In rabonka ta, tana jiranka. Ingila gudu za ta yi? Amma in ka shiga motar ga, ba da yawuna ba.”

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce me ya hana ni sa abokina ya ciccibe ni. Ba a ciccibar mutum a wuce da shi ta gaban ubansa bayan ya faɗi wannan kalma. Abokina ma da ya ji, sai ya haƙura. Motar ta yini a ƙofar gida, da la'asar ta juya ba kowa a kan katifar.

Baffa bai sa baki ba. Kullum da safe zai zo ya latsa ƙafar, ya duba zakara, ya ce alhamdu lillahi, ya fita. Ranar da ya kamata in tashi, ina kwance ina kallon azara, ina jin mata na daka a tsakar gida. Na tsani kowa a gidan nan ranar, har da jaririn da ke kuka. Zakara ya riga ni miƙewa, aka yanka shi aka yi mini farfesu don in ji ƙarfi. Na ci, saboda yunwa ba ta san zuciya ba.

Sai da albasa ta fara kai a fadama sannan Baffa ya kwance karare ya ce in taka. Ƙafa ta ɗoru sumul, ko ɗingishi babu. Da ta karkace ma da na samu abin da zan nuna in yi ƙorafi.

Ina fara tafiya babu sanda, sai na ce zan je Jega wurin aiki, na zarce asibiti a ɓoye. Likita ya sa aka ɗauki hoton ƙashin, ya ɗaga shi ya yaba aikin, ya ce tsohuwar karaya ce da ta warke. Na ce ya rubuta cewa a watan da ya kamata in tashi ina kwance. Ya ce shi bai gan ni a watan ba, ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Gaskiyarsa ce, amma da na samu dama da na shaƙe shi.

Duk da haka na hau mota zuwa Ikko. Jami'in da na tarar ya saurare ni yana juya biro. Ya tambaya wa ya yi mini magani, na ce baffana. Ya ce a wane asibiti yake aiki, na ce a gida yake. Don in nuna masa cewa da tsari ake yin abin, sai bakina ya kwashe ni na ba shi labarin zakara. Ya kira na teburin kusa da shi ya ce in maimaita. Da suka gama dariya ya ce ai da zakaran na zo da shi ya ba da shaida. Sannan ya gyara murya ya ce sun jira har wa'adi ya cika, an ba wani gurbin, yana can ma ya fara karatu. Na tambayi baɗi. Ya dubi shekarar haihuwata ya girgiza kai.

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Na dawo Jega na ci gaba da koya wa yara tazarar shuka. A Aliero suna ya bi ni, Na-Ingila. Tun ina ɓata rai har na koma amsawa. In na wuce majalisa sai wani ya ɗaga murya, “Na-Ingila, yaya sanyin Giwa Tazo?” Masu tausayi kuma su ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, da tawa ce da ba ta wuce ni ba. Gwaggo da ta zo dubiya cewa ta yi Allah ne ya tsare ni da cin alade, in gode masa. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. A ganinsa ba abin da ya faru, yaro ya karye an ɗora shi.

Bayan kamar shekara biyu na zo gida hutu, ina cin tuwon rana aka ce Baba na kira a zaure. Na tarar da wani attajiri baƙo, an kwantar da ɗansa a tabarma da karaya a cinya. Mutumin yana ta jan ƙafa, yana cewa shi da asibiti ya so, 'yan'uwa ne suka matsa masa. Baffa na gefe yana gyaran karare.

Baba ya nuna ni da carbinsa. “Alhaji, ka ga wanga? Ɗana na. Digiri gare shi. Turawa da kansu sunka kira shi Ingila. Da yak karye, ga mota ƙohwar gida za a kai shi asibiti, amma nan yaz zauna, nan anka ɗora shi. In da asibiti ta hi, mai ilimi awa shi zai tsaya?” Ya juyo gare ni fuskarsa cike da alfahari. “Ɗaga wandonka shi gani.”

Na ɗaga. Baƙon ya sunkuya ya shafa ƙwaurina yana neman wurin.

“Taka shi gani.”

Na taka zuwa bakin zaure na dawo.

“Ɗan ruga.”

Na dubi Baba. Ba mugunta a idonsa, ko kaɗan, jira kawai yake yi. Na fita ƙofar gida, da gemuna da digirina, na ruga zuwa katangar maƙwabta na dawo, yara na ihu suna bi na. Alhajin ya yi kabbara, ya ce a sauke kayan ɗansa daga mota.

Baba ya ce, “Madalla. Koma ka ƙare tuwonka.”