Wandon Da Ya Kusa Hana Ɗana Aure

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zan manta yadda wando ya kusa hana ɗana aure ba. Wandon jins sabo fil, wanda shi da kansa ya saya da guminsa.

Ɗan nawa gyaran waya yake yi a nan Daura, yana da shagonsa, da hankalinsa daidai gwargwado. Ya ga 'yar wani mai sayar da hatsi a Mai'adua, suka daidaita, manya suka shiga maganar. Saura bincike. Kowa ya san yadda ake yinsa: ba za a ce maka an zo ba, tsohuwa za a turo ta yi kamar hanya ce ta biyo da ita.

Ran nan da hantsi ina tuyar ƙuli-ƙuli, sai ga shi ya fito da wandon daga leda ya shimfiɗa a siminti. Ya jingina waya jikin turmi, wani mutum yana ta surutu a ciki. Ya zana layi da alli a gwiwoyin, ya cusa katako cikin ƙafar wandon, ya sa reza ya tsaga. Sannan ya ɗauko ɗan hantsakinsa na gyaran waya yana zare shuɗin zare, yana barin farin. Da ya gama sai ya shiga ɗakina ya ɗauko dutsen goge kaushina, ya haɗa da abin gogar kuɓewa, ya hau cinyar wandon da gurza.

Na ce, "Kai, me wandon nan ya yi maka?"

Ya ce, "Umma, yayi ne. So nake ya zama kamar ya tsufa."

Na ce, "To ka sa shi mana, ai zai tsufa da kansa. Ubanka bai taɓa taimaka wa wando ba, kuma duk sun tsufa."

Muna cikin haka aka yi sallama. Wata tsohuwa ce da kwalba, wai man gyaɗa take so. Tun daga tambayar farko na gane ta. Mai sayen mai ba ta tambayar ɗaki nawa ne a gida, ba ta kuma leƙen randa. Na ba ta tabarma, na yi ta yi wa yaron nan ido ya kwashe shirmensa. Ina! Kansa na ƙasa yana gurza.

Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan samari. Ɗinki ake yi?"

Ya ce, "A'a Iya, kirezi nake haɗawa."

"Ki me?"

"Kirezi. Kirezi jins."

Ni sai da furfura ta fara fito mini na shiga yaƙi da jahilci, Turancina bai cika ludayi ba, amma wannan kalmar malamarmu ta koya mana ita: mahaukaci. Na wawuri ƙuli na jefe shi don ya yi shiru. Shi kuwa ya ɗaga wandon sama, ya leƙa ta hudar gwiwa da ido ɗaya, ya bushe da dariya don aikinsa ya yi masa kyau. Tsohuwa ta miƙe tana maimaita kalmar a hankali kamar mai jan carbi, don kada ta faɗi mata a hanya. Ko man ba ta tsaya ɗauka ba.

Ba a jima ba saƙo ya zo: a dakata da maganar aure. Labari ya riga ya yi ƙiba a hanya. Wai yaro yana yayyaga kayansa, yana hira da turmi, yana dariya shi kaɗai, uwarsa har jifansa take yi. Kuma da bakinsa ya ce shi kirezi ne, jikan tsohuwar, wani ɗan sakandare, ya fassara musu.

Maigidana ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ya ja bargo. Baffannin yaron suka fara maganar a karɓo masa rubutu. Shi kuma gwanin yayi ya kwanta a ɗaki ya daina cin tuwo. Na zauna na duba lamarin. Fasa aure ba a kansa aka fara ba. Amma sunan mahaukaci in ya manne, daga nan har Baure babu gidan da zai ba shi 'ya, ƙannensa mata ma a ce 'yan gidan masu taɓi ne.

Na san uwar ango ba ta zuwa gidan surukai kan irin wannan magana, aikin maza ne. To mazan suna can suna addu'a. Na naɗe wandon a leda, na yafa mayafi, na tsare ɗan acaba, sai Mai'adua.

Matan gidan suka tarbe ni da gaisuwa mai sanyi, tsohuwar tana gefe tana harara. Na ce a yi mini magana da maigidan. Da ya shigo na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na baje masa wandon a tabarma.

Na ce, "Alhaji, duba da kyau. Ga hudar dama, ga ta hagu, tsawonsu ɗaya. Ga shatin alli nan bai goge ba. Ka taɓa ganin mahaukacin da ke aunawa kafin ya yaga? Ɗana ba mahaukaci ba ne, sakarai ne, kuma akwai bambanci."

Tsohuwa ta ce, "Da kunnena na ji ya ce kirezi!"

Na ce, "Iya, sunan wandon ke nan, ba sunansa ba."

Alhaji ya juya wandon, ya zura yatsa a hudar, ya ce, "Na ji, Hajiya. Amma ki gaya mini, wane mai hankali ne zai sayi sabon abu ya zauna ya lalata shi?"

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ranar an kayar da ni, domin tambayar da ni ma nake yi wa kaina ke nan. Na fara naɗe wandon, na san an gama.

Sai muka ji wata 'yar murya daga bayan labule. Yarinyar ce.

"Baba, ni na tura masa bidiyon. Ni na ce ya yi, zai yi masa kyau a hoton kafin biki."

Alhaji ya cire hula, ya shafa kai, ya dubi labule, ya dubi wando. Can ya ce, "Ashe su biyu ne. To a haɗa su, kada su je su lalata gida biyu."

Aka ɗaura aure bayan Sallah, yanzu har da 'ya'yansu.

Abin da na koya shi ne, in aka laƙa wa ɗanki mugun suna, kada ki zauna kunya ta riƙe miki ƙafa, tashi ki je ki kankare shi da bakinki tun bai bushe ba. In kuma kika ga saurayi mai hankali ya wayi gari da sabon sakarci, kafin ki nemi malami, tambaye shi wace yarinya ce ta sa shi.