Kunnena na Hagu

Ranar wata Talata bayan girbin gero, ina aji uku a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Kiyawa, wata ma'aikaciyar lafiya ta sauka daga kan babur da 'yar jaka a kafaɗa. Aka ce ta zo gwada jin yara. Sai da ta roƙi mai injin niƙan bayan makaranta ya kashe, sannan ta fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya zuwa ofishin hedimasta.

A lokacin sunana a gida "mai kunnen ƙashi". Ina wanke ƙoren nono a gindin rumbu, Inna, mahaifiyata, za ta yi ta ƙwala mini kira daga madafa, ni dai sai in ji saukar muciya a gadon baya. In an aike ni sayo kanwa sai in dawo da kukar miya, a dandali kuwa kullum ni ce mai amsa waƙar gaɗa a makare. Har na saba, na daina kuka.

Matar ba ta yi gaggawa ba. Ta zaunar da ni a tabarma, ta ba ni gyaɗa da ƙwarya, ta ce wasa za mu yi, duk sanda na ji ƙara in jefa ƙwaya ɗaya. Ta ɗora mini abin saurare a kunnuwa, ta koma bayana don kar in ga hannunta. Da ta gane inuwarta nake leƙe a bango ina jefawa, sai ta tura taga muka sake daga farko. A kunnen dama na yi ta jefawa. A na hagu na zauna da gyaɗa a hannu har ta jiƙe da gumi.

Ta raka ni har gida, ta tarar da Inna tana kaɗa nono. Bayan sun gaisa ta ce, "Inna, yarinyar nan ba ƙin ji take yi ba, kunnenta ɗaya ne ba ya ji." Inna ta ce shekarar da na yi ƙyanda, ina goye, kunnen ya yi ta zubar da ruwa, aka ɗiga man shanu. Daga nan ta ci gaba da kaɗinta. Ni ma ban ji komai a raina ba, na ɗauki tulu na tafi rijiya.

Baffa, mahaifina, ya kai ni asibiti a Dutse, likita ya ce an makara. Malamin ajinmu ya dawo da ni bencin gaba. Inna kuwa ba ta ƙara dukana ba, sai ta zagayo ta damana ta dafa kafaɗata kafin ta yi magana. Har ta rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Yanzu a Dutse nake zaune. Da na haifi 'yar autata, tana barci a cinyata aka sa mata 'yar na'ura a kunne, kafin in gyara zama an ce lafiya lau take ji. Na goya ta na fito na tsaya jiran adaidaita sahu. Da an gwada ni tun ina goye, da mun fi haka hira ni da Inna.