Aikin da Ya Ci Idon Auta

Da kunne na fara gane cewa idon ƙanena ya lalace. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne na ƙarshe, kuma Auta muke ce masa har ya yi furfura a gemu. Ni ban yi nisa a karatun lakwal ba aka maido ni gida. Shi kuwa ya yi ta karatu har Yamai, ya zama mai rubuta wa ordinata, wato na'urar kwamfuta, umarni. Tun yana yaro na san tafiyarsa, sauri da buga diddige. Shekarar da ya dawo Filinge ya sauka gidana, sai na ji tafiyar ta canza. Yana jan ƙafa a tsakar gida. Da safe ina jin hannunsa yana shafar bango kafin ya kai ga buta.

Na tsare shi ranar da ya ture ƙwaryar fura da ke gabansa.

"Auta, mi ya sami idonka?"

"Gajiya ce, Yaya."

"Gajiya ba ta ɓoye ma mutum ƙwarya. Faɗa mini gaskiya."

Sai ya faɗa. Hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya mutu, na hagu kuma yana gani kamar mai leƙe ta bakin tulu. Likita a Yamai ya ce a yi masa aiki da wuri ko a tsare abin da ya rage, amma bai yi alkawari ba, kuma bayan aikin zai daɗe bai kalli gilashin ordinata ba. Auta ya ce zai koma a yi, sai dai akwai wani abu da yake son ya ƙare tukuna, tun da sauran ganinsa.

Ni mai surutu ce, ba na barin magana a rufe. Na ce ya gaya mini ko wane irin abu ne ya fi ido.

Ya ce na'ura tana da harsunan da ake rubuta mata umarni da su, kuma akwai ɗaya da mutane daga ƙasashe da yawa ke gyarawa tare, ba su ma taɓa ganin juna ba. A cikin harshen nan akwai wata alama, ya nuna mini ita, kamar ɗan ƙaramin darni. Ana sa ta da kalma ɗaya a gaban abu, ta gaya wa na'ura ko wane iri ne, kwanan wata ne ko awo ne. To wani lokaci alamar takan faɗo a wurin da na'ura ba ta san na wa ce ba.

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "In za ki aika hatsi Yamai, mi kike yi ma buhu?"

"In ɗaura mishi tsumma a wuya, don a san nawa ne."

"To ki ce tsumman bai ɗauru ba, yana kwance tsakanin buhu biyu. Ɗan kamasho ɗaya ya ce na wannan ne, wani ya ce na wancan ne. Haka na'ura biyu ke karanta layi ɗaya, kowace ta fito da nata."

Dokar da yake so a kafa ba ta da wuya ko a kunnena. Alama ta kama cikakken abu na farko da ke bin ta. In babu, na'ura ta tsaya ta yi ƙorafi, kada ta yi cinta. Na ce, "To ai ka gama. Gaya musu, mu tafi tasha." Ya yi dariya, ya ce rubuta dokar ba shi ne aikin ba. Akwai tsofaffin rubuce-rubuce na mutane da suka dogara da cintar da na'ura ke yi. Sai ya bi su ya gwada, ya nuna waɗanda za su karye da yadda za a gyara su, sannan manyan masu kula da harshen su yarda.

Haka damina ta same mu. Hasken rana yana hana shi ganin gilashin, cikin ɗaki kuma zafi da rashin kuran, wato wutar lantarki. Sai ya ari wani zanena mai duhu, ya zauna ƙarƙashin rumfa, ya lulluɓe kansa da ordinatar gaba ɗaya. Maƙwabta in sun shigo sai su tsaya. Wata ta ce, "Malam ya shiga lalle ne?" Daga cikin zanen ya ce, "Ke nike jira ki kawo kayan ɗaki." Muka yi dariya, amma ni dariyar ba ta sauka cikina ba.

Ina tankaɗe, ina tsince wake, kunnena yana wurinsa. Na san ƙarar yatsunsa in abu yana tafiya, kamar yayyafi a kan kwano. Na san ta in yana gogewa, maɓalli ɗaya yake ta duka. Da kwanaki suka ja, sai shiru ya yi yawa tsakanin bugu da bugu. Na ɗaga zanen wata rana na leƙa. Ya ƙara girman baƙaƙen har kalma ɗaya ta cika gilashin, hancinsa na kusan taɓa shi, idon yana zubar da ruwa.

Mutanen can kuma ba su da gaggawa. In rezon intanet ya zo, sai ya karanta amsarsu ya fassara mini. Wani ya ce a bar abin yadda yake. Wani ya ce dokar ta yi, amma yaya za a yi in alama biyu suka biyo juna? Auta ya koma ya rubuta wannan ma: ta ciki ta kama abin, ta waje ta kama su duka. Mai yanke maganar kuma aka ce ya tafi hutu.

Na ce, "Ka gaya musu idonka na mutuwa."

"Ba a faɗin haka a can, Yaya."

"Don mi? Ba su da ido?"

"In suka karɓa don tausayi, ba su karɓa ba."

Na yi faɗa, na yi roƙo. Na daina yi masa magana, amma ban iya ba, kafin la'asar na koma. Gwaggonmu ta zo daga wajen Damana da garin magani da ƴan bori suka ba ta, ta ce a yi masa turare. Ya zauna aka yi, don kada ta ji haushi, hayaƙi na ɗagawa ya koma cikin zane. Maganin ɗigawar da ya zo da shi ya ƙare, ba a samu irinsa a Filinge ba. Hanyar Yamai kuma a lokacin ba kullum ake bin ta ba saboda rashin tsaro, sai an ji labari mai kyau motoci ke tashi. Motoci sun tashi ba sau ɗaya ba yana zaune. Ina jin ƙararsu daga gida, shi ma yana ji.

Ana gab da yankan hatsi ya sa na'urar ta riƙa karanta masa da murya, wata muryar mace marar numfashi. Ya ce don idon ya huta ne. Na san ba haka ba ne. Da wannan muryar ya ji amsar ƙarshe, da hantsi, ina wanke-wanke. Ta yi maganarta ta gama.

"Mi ta ce?"

"Sun karɓa. Sun sa shi cikin harshen."

"To tashi."

Da motar da ta fara samuwa muka tafi, ni da ba na son ko zuwa kasuwa. Na riƙe hannunsa a tasha, na riƙe shi a asibiti. Likitan ya haska fitila cikin idon, ya daɗe, sannan ya ajiye fitilar a hankali. Daga yadda ta taɓa tebur na san abin da zai ce. Jijiyar ta mutu, aiki ba zai maido da komi ba.

Muka shiga mota muka juyo. Sai da muka kusa gida ya ce, wai yanzu duk inda aka rubuta alamar nan a duniya, na'ura ta san na wa ce. Na ce na ji.

Yana gidana har yau. Yana ɗan aiki da muryar nan, ya kuma koyi tsakar gidan da ƙafa, ya san inda randa take da inda turmi yake, muddin ban gusar da su ba. Washegarin dawowarmu ya lalubo zanen a kan tabarma, ya ninke shi da kyau, ya miƙo shi wajen da ya ji muryata.

"Yaya, ga zanenki. Rana ba ta damuna yanzu."

Na wanke shi na sa a ƙasan akwati. Ban sake ɗaura shi ba.